Soyayyar 'yan makaranta a anime: ba da ka ake haɗa masoyan ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in tsoma baki cikin gardamar da matasanmu masu kallon anime, wato zanen motsi na ƙasar Japan, suke yawan yi a kan labaran soyayyar 'yan sakandare. Rigimar kusan ɗaya ce kullum: wace yarinya ce ta dace da jarumi, kuma me ya sa marubuci ya cuci wance. A ganina yawancin masu ƙorafin ba su lura da ginin labarin ba. Haɗin yana da ƙa'ida, wanda ya san ta yakan gano inda aka dosa tun kashi na biyu ko na uku.

Abu na farko shi ne jadawalin makaranta. Shekarar karatu a Japan tana farawa a Afrilu ta ƙare a Maris, babbar sakandare kuma shekara uku ce, a kan wannan marubuci yake rataya komai. A Afrilu ake sake raba aji, nan masoyan ke haɗuwa. Daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta hutu ne, da bikin wasan wuta, inda suke fara ganin juna ba cikin kayan makaranta ba. Da kaka sai bikin al'adu, kowane aji ya shirya wasan kwaikwayo ko ɗan shagon abinci, a tilasta wa mutum biyu aiki tare har dare. Daren 24 ga Disamba na fitar masoya ne. Ranar 14 ga Fabrairu 'yan mata ke ba samari cakulan, akwai na sauke nauyi da ake raba wa kowa, akwai na gaske da ake ba mutum ɗaya, samari kuma su rama ranar 14 ga Maris. Shi ya sa jaruman sukan kasance 'yan aji biyu: 'yan aji ɗaya baƙi ne, 'yan aji uku jarrabawar shiga jami'a ta Janairu ta sha musu kai, tafiyar buɗe ido ta makaranta ma galibi a aji biyu ake yinta.

Na biyu, furuci. A waɗannan labarai ba a zama saurayi da budurwa sai ɗaya ya tsaya gaban ɗaya ya faɗa da bakinsa cewa yana so, an kuma ba shi amsa. Kafin nan ma'aunin kusanci shi ne suna. Ɗalibai suna kiran juna da sunan dangi haɗe da ƙarin girmamawa; ranar da aka kira mutum da sunansa na yanka, an haye wani mataki. Fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo takan shafe wannan bambanci, don haka mai kallo ya riƙa kasa kunne.

Amma babbar ƙa'idar ita ce: wanda ya ga fuskar da ake ɓoye wa aji shi ke cin nasara. Toradora, mai kashi 25 da aka fara nunawa a 2008, ta fi kowa fayyace wannan. Ryuji yana son Minori, Taiga tana son Kitamura abokinsa, sai suka ƙulla yarjejeniyar taimakon juna. To amma wa yake dafa wa Taiga abinci kullum? Wa ya san ita kaɗai take kwana a gidan da ba uwa ba uba, alhali aji na yi mata kallon damisa? Ryuji ne. Ita kuma ita ce ta san Ryuji, duk da idonsa irin na 'yan daba, shara da wanke-wanke ne abin sonsa. Da Taiga ta fashe da kuka tana kiran sunansa a kashi na 19, daren Kirsimeti, ba wani sabon abu aka kawo ba, kashi 18 aka yi ana tara shi. Masu cewa an cuci Minori su tuna ita da kanta ta yi ta ja da baya saboda ƙawarta Taiga, Ryuji kuma fara'arta yake so, bai san abin da ke ƙarƙashi ba sai da lokaci ya ƙure. Horimiya ta 2021 a kan wannan turba take: Hori tauraruwa ce a aji, a gida mai renon ƙane, Miyamura shiru-shiru ne a aji, a waje kunne duk huji.

Dalilin da ƙawar yarinta ke yawan faɗuwa ke nan. Ta san jarumi tun suna ƙanana, babu abin da za ta gano game da shi a gaban mai kallo, labari kuwa canji yake ci.

Inda abin ke lalacewa ya fi yawa a wajen tsawo. Yawancin waɗannan anime daga littattafan zane na manga ake ɗauko su, waɗanda ke fita mako-mako ko wata-wata a mujalla. Muddin ana saye, ba a son a gama, furuci kuwa shi ne ƙarshen ciniki. Sai a shiga dabarun jinkiri: ƙarar wasan wuta ta danne maganar, waya ta yi ƙara, wani ya ji rabin zance ya fassara shi a baibai, ko a shigo da sabuwar yarinya. Nisekoi ta kai babi 229 tsakanin 2011 da 2016 a kan tambaya ɗaya, wace ce yarinyar da Raku ya yi wa alkawari yana yaro, har labarin ya zama kamar kunun da aka yi ta ƙara wa ruwa don ya ishi baƙi. A ƙarshe Onodera ce mai alkawarin, Chitoge ya zaɓa, kuma ban ga laifin zaɓin ba, jinkirin ne laifi. Kaguya-sama ta fi wayo: ta mai da jinkirin kansa abin dariya, mutum biyu masu girman kai kowa na ƙulla makircin da zai sa ɗayan ya fara furtawa, sannan ta sa wa'adi na gaske, tafiyar Shirogane, namijin cikinsu, karatu Amurka, aka warware a bikin al'adu a zango na uku a 2022. Akwai kuma kuskuren gaggawa. Horimiya ta cusa littattafai sama da 15 cikin kashi 13, sai da aka yi wani zango a 2023 don cike abin da aka tsallake.

Mai karanta littattafan soyayya na Hausa zai lura da wani bambanci. A namu, shingen daga waje yake zuwa: iyaye, auren dole, tazarar arziki, kishiya. A nan kuwa iyaye sau da yawa ba a ma ganinsu, shingen yana cikin ƙirjin yaron ko yarinyar. Sawako ta Kimi ni Todoke babu wanda ya hana ta Kazehaya. Tsoron da 'yan aji ke yi mata ne ya sa ba ta yarda wani zai so ta ba, sai a zango na biyu aka yi furucin. Wanda ya zo neman mugun uba ko makirar kishiya zai ce babu abin da ke faruwa.

Ga mai son farawa, zango ɗaya yakan zama kashi 12 ko 13, kowanne kimanin minti 24, kuma da yawa suna tsayawa ba tare da ƙarshe ba domin talla ce ga littafin. A duba ko an kammala labarin kafin a kashe data. Iyaye kuma kada zanen ya ruɗe su su ɗauka na yara ne duka. Kimi ni Todoke mai kunya ce, amma Nisekoi da ire-irenta masu tara 'yan mata a kan namiji ɗaya suna da fitowar wanka da ta bakin teku da ba za a so ƙananan yara su gani ba, don haka a duba shekarun da aka rubuta a jikin kowanne.

Na gode.

Naka,
Mai karatu daga Zariya