A riƙa gwada mazan ma

Edita,

Assalamu alaikum. Ni ungozoma ce a wani ƙauye da ke yankin Ringim, Jihar Jigawa. A nan, in aure ya daɗe babu goyo, matar ake kira juya, ita ke shan jiƙe-jiƙe, ƙarshe a yi mata kishiya. Maigida kuwa ko ƙofar asibiti bai taka ba.

Alhali sau da yawa matsalar tasa ce: ƙwayoyin maniyyi sun yi kaɗan ko ba sa motsi, wani lokaci sanadin hangum bayan balaga, ko ciwon sanyi da aka ƙyale. Tun 1992 likitoci a Beljiyam suka samo dabara. Ana ciro ƙwan mace, a zaɓi ƙwayar maniyyi ɗaya tak, a cusa ta ciki da siririyar allura, bayan kwana 3 zuwa 5 a mayar da shi mahaifa. Malamai sun halatta muddin ƙwan da maniyyin na ma'auratan ne.

Aikin da tsada, sai a manyan birane, kuma ba kullum ake dacewa ba. Manomin riɗi ina ya ga kuɗin? Amma gwajin maniyyi ai bai kai farashin buhun taki ba. Don Allah limamanmu su faɗa wa maza a huɗuba su je.

Taku,
Ungozoma daga Ringim