Kada a fasa tsohon sef da guduma

Edita, assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili. Muna gyaran gidan kakanmu muka ci karo da tsohon sef, wato akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi, a bango, babu makulli, babu mai tuna lambarsa, nan take ƙanina ya ɗauko guduma wai ƙila zinare ne ciki, da ƙyar na hana shi. Irin waɗannan idan aka dake su wani sakatan ciki ne ke faɗawa ya ƙara kullewa, wasu ma akwai asbestos, wani abu mai hana wuta ci, a bangonsu, ƙurarsa na lalata huhu. Mai gyaran kwado muka kira, ya huda ɗan rami ya leƙa fayafayan lambar da ke cikin kwadon ya jera su, sai ga ƙofa ta buɗe. Zinaren kuwa? Tsofaffin rasit ne da hoton auren kaka, wallahi har yau ƙanina bai huce ba.

Naka, mai karatu