Masu digirin dakta a gida ma suna buƙatar kuɗin bincike

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina rubuto maka ne kan matakin da TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, ta ɗauka na dakatar da tura malaman jami'a karatu ƙasashen waje daga Janairun 2025. Ni dai ban ga laifin matakin ba, dala ta yi tsada, amma fa a duba halin da na gida suke ciki.

Ƙanina yana digirin dakta a fannin tattalin arziki, shekara ta huɗu kenan, bincikensa kan yadda cire tallafin mai a 2023 ya taɓa ƙananan ƴan kasuwa ne, kuma wallahi da albashinsa yake buga takardun tambayoyi, ya hau Keke daga Kawo zuwa Kasuwar Barci yana bin rumfa rumfa, wani ya amsa wani ya ce haraji aka zo ƙirga masa. Ranar da ba kuɗin mota aikin ya tsaya.

Shawarata, cikin kuɗin da suka yi rara saboda dakatarwar a ware wa kowane ɗalibin dakta kason tattara bayanai, a biya shi kashi kashi bayan sufabaiza, wato malamin da ke duba aikinsa, ya sa hannu. A kuma fifita bincike kan matsalolinmu, ga masaƙun Kakuri nan a rufe shekara da shekaru.

Naka,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna