Wai don an ce da cuku aka yi cizkek shi ke nan ya zama abincin lafiya?

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya ya aiki. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan cizkek, wato kek ɗin nan na cuku, saboda na gaji da jin mutane suna cewa wai ai shi ba kamar sauran kek ba ne tunda madara ce a ciki, har wata ƙawata mai neman rage ƙiba take yanka shi da safe tana cewa furotin take ci.

To ni dai ina gasa shi kuma na san abin da nake zubawa. Kirim ciz ɗin, wato cukun nan mai laushi da shi ne jigon abun, kusan kashi ɗaya cikin uku kitse ne, ga suga kofi guda ko fiye, ga ƙwai, sannan ƙasan biskit ne da aka daka aka kwaɓa da narkakken bota. Giram 100 kawai yana kai kalori 320 ko kusa da haka, kuma wallahi yankan da yawancinmu muke ɗorawa a faranti ya wuce giram 100. Furotin da kalsiyam akwai, ban musa ba, amma kaɗan ne in ka haɗa da kitsen. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci kar ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a yini, wajen giram 50 ke nan ga babba, ƙaramin cokali 12, kuma yanka ɗaya zai iya cinye maka kusan rabi.

Ana iya rage masa nauyi amma sai an san hannu. Farkon da na gwada cire kirim ciz ɗin na yi gaba ɗaya na zuba yogot kai tsaye daga roba, Edita ka ga abin tausayi, tsakiyar ta ƙi kamawa, da na sa wuƙa sai ga ruwa yana bin faranti, yara suka tsaya suna kallona ba wanda ya miƙo hannu. Ashe sai an tace yogot ɗin tukuna, a zuba a kyalle mai tsabta a ɗora kan rariya a bar shi ya kwana a firij ruwan ya tsiyaye. Yanzu rabi da rabi nake yi, rabi kirim ciz rabi tataccen yogot, in sa babban cokali ɗaya na konfulawa, wato sitacin masara, ya riƙe shi, suga in rage kashi ɗaya cikin uku in goga ɓawon lemun tsami a ciki, har yau ba wanda ya ce ya ji bambanci. Biskit ɗin ƙasa kuma siriri nake shimfiɗawa, wani lokacin ma ba na sawa sam.

Wuta kuma ƙasa-ƙasa, digiri 150 zuwa 160 a ma'aunin Celsius, in na kashe oven sai in ɗan buɗe ƙofar in bar shi ya huce a ciki don kar ya tsage.

Abin da ya fi ba ni dariya masu cire suga su tuttula zuma su ce sun yi na lafiya, ita waccan hukumar dai zuma ma cikin lissafin sugan ta saka ta, masu ciwon suga su kula da wannan sosai. Kuma ni kaina na kama kaina, ranar da na yi mara nauyin yanka biyu na ci wai ai ba komai, ka ga an koma gidan jiya. Shi ya sa yanzu da ya kwana a firij nake yanka shi gida 16 maimakon 8, in naɗe sauran ɗaya-ɗaya in jefa firiza.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Taku,
Mai karanta jaridarku kullum