Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya share sunana daga waƙoƙina

Zuwa ga shugaban kamfani,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Na taka har ofishinka, na kuma aiko saƙo ta hannun yaranka, shiru. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Ni marubucin waƙa ne. Allah bai ba ni murya ba, baiti da kari ya ba ni, kuma tun zamanin kaset da su nake ci da iyalina a Damagaram. Ni ke ɗora amshi, in auna kowane ɗango da ƙafiyarsa, in zaunar da yaro a situdiyo in nuna masa inda zai ja murya da inda zai sauke. Haka aka yi waƙoƙin aure da na tarbiyya da kuka karɓa a hannuna bara. Gaban shaidu muka yi da kai cewa za a sa sunana, a kuma fitar mini da kasona.

Yau ga su a YouTube, ana tura wa mutane a memori a kasuwar Dole, ana cashewa da su a bukukuwa daga Birni har Zango. Sunan mai rerawa yana nan, na makaɗi yana nan, tambarin kamfani ya cika fuska. Nawa ne kawai babu. Abin da ya fi ƙona mini rai, kun ba wani mawaƙi ɗaya daga ciki ya sake rerawa, ya cire baitin da na yi wa uwar amarya ya cusa kalaman da ba zan iya faɗa gaban ɗiyata ba. Waɗanda suka san salona ni suke tarewa da tambaya a masallaci.

Mawaƙan da suka fara rera waƙoƙin ba ni da rigima da su, yarana ne, abin da aka miƙa musu suka rera.

Dokar haƙƙin mawallafa ta Nijar ta 2010 ta raba haƙƙin wanda ya ƙagi waƙa da na wanda ya rera ta. Ambaton sunan wanda ya ƙagi aiki da hana a gurɓata masa shi, haƙƙi ne da ba ya sayuwa. Kuɗin da kuka ba ni ladan zaman situdiyo ne, ban sayar muku da waƙa ba.

A mayar da sunana kan kowace waƙa, a sauke wadda aka ɓata, mu zauna mu rubuta yarjejeniya kan kasona. In wata ya ƙare ban ji daga gare ka ba, zan ɗauki littafin baitocina da shaiduna in kai ƙara BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar, a Yamai.

Wassalam,
Marubucin waƙoƙin, Birni, Zinder