Masu sayen had disk, a daina kallon yawan giga kaɗai

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka ya daɗe.

Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda mutane ke zaɓar faifan ajiya na kwamfuta, had disk ɗin nan. Kusan kowa tambayarsa ɗaya ce, giga nawa ne? Da an ce masa tera ɗaya sai ya miƙa kuɗi, bayan wata biyu ya dawo yana kuka wai kwamfuta ta yi nauyi, a ce masa bairos ne, a ce ram ne ya yi kaɗan, ya yi ta kashe kuɗi alhali matsalar tana can cikin faifan da ya saya.

Iri biyu ne fa. Akwai HDD, na da, cikinsa faranti ne ke juyawa da wani ɗan hannu da ke kai da kawowa yana neman bayanai, kamar dai garmaho da allurarsa. Yawancin na laftof suna juyi 5400 a minti ɗaya, na babbar kwamfuta 7200. Mai 7200 ya fi sauri amma ya fi gurnani ya fi zafi, kuma wannan ƙarar kas-kas da kake ji cikin dare hannun nan ne ke tsalle daga wuri zuwa wuri. Sai SSD, shi ba abin da ke motsi a cikinsa kwata-kwata, don haka ba shi da ƙara ko kaɗan. HDD da ƙyar yake wuce megabayit 200 a daƙiƙa, SSD mai SATA, wato mai tsohuwar hanyar jonawa irin ta HDD, yana kai wajen 550, mai sabuwar hanyar da ake kira NVMe kuwa 3500, wasu ma har 7000 ko fiye. Amma gaskiya ba wannan lissafin ne ke sa ka ji bambanci ba, a'a, ƙananan fayiloli ne barkatai da Windows ke nema lokacin tashi, shi HDD sai hannunsa ya je ya jira faranti ya zagayo, shi kuwa SSD nan take.

Shi ya sa ni a ganina, kuma ina nan kan bakana, gara SSD mai giga 500 da HDD mai tera biyu in dai a kansa za ka ɗora Windows da manhajojinka. Tsohuwar laftof da mutum ya fidda rai da ita, ka cire faifan ka sa mata SSD ko da mai SATA ne, wallahi sai ya ɗauka sabuwa aka saya masa. In kana da tulin bidiyo da hotuna to nan ne HDD ke da rana, don har yau shi ya fi araha in ana lissafin kowace giga, ka sayi mai 5400 tunda ajiya ce kawai, ka ɗaure shi da kyau ka sa 'yar roba tsakaninsa da ƙarfen akwatin, rabin gurnanin zai tafi.

Amma fa araha ba ta ado. Akwai HDD da ake kira SMR wanda ake ɗora layukan bayanai kan juna don a samu wuri, karatu lafiya lau amma da ka fara zuba masa manyan fayiloli sai ya fara jan ƙafa. A 2020 an yi ta cece-kuce lokacin da aka gano Western Digital da Seagate da Toshiba suna sayar da wasu irinsa ba tare da sun rubuta a jiki ba. Ka nemi mai CMR, wato wanda ba a ɗora layukansa kan juna ba, in aikinka na yawan kwafi ne. SSD ma akwai jabu, a rubuta tera biyu a kwali alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, manhajar H2testw tana tona asirinsu. Kar dai ka tsorata in tera ɗaya ya nuna maka giga 931 a Windows, wannan bambancin lissafi ne ba cuta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne masu sayen na hannu ido rufe. Ka sa manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce, za ta nuna maka awa nawa faifan ya yi yana aiki da ko ya fara lalacewa, in ta nuna maka alamar gargaɗi mai launin rawaya ka ajiye musu kayansu. In sabon SSD ne ka duba garanti da lambar TBW, wato yawan abin da za a iya rubutawa a kansa, masu kyau na tera ɗaya sukan ba da tera 600 da garantin shekara biyar. Sannan ka leƙa madabod ɗinka, wato babban allon cikin kwamfuta, tukuna, don ba kowane ramin M.2, inda ake soka SSD ɗan siriri, ne ke karɓar NVMe ba.

Kuma Malam Edita a ja kunnen jama'a, HDD wani lokacin yakan yi ƙara kafin ya mutu, SSD kuwa rana ɗaya kawai ka kunna ka ga babu shi, don haka duk wanda ka zaɓa ka ajiye kwafin takardunka masu muhimmanci a wani faifan daban.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum