Bidiyon masu zuba harsashin dalma a Amurka: akwai abinda ba a nunawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu saboda wasu bidiyoyi da suke ta yawo a Facebook da TikTok, inda ake nuna Turawan Amurka suna narka dalma a gareji suna zuba harsashi da kansu, matasanmu kuma suna ta turawa juna suna cewa kaga ƙasar da kowa ke haɗa harsashinsa kamar ana suyar ƙosai. Ni mazaunin jihar Ohio ne, na ga masu wannan sana'a ido da ido, shi yasa naga ya kamata in faɗi abinda ke ciki, musamman ɓangaren da kamara bata ɗauka.

Da farko dai su a wurinsu abin sha'awa ne da kuma neman sauƙin kuɗi, dokar ƙasarsu ta yarda mutum ya haɗa harsashin da zai yi amfani da shi da kansa. Yawancinsu masu zuwa filin koyon harbi ne a ƙarshen mako, kuma duk lokacin da harsashi yayi wuya a shaguna kamar yadda akayi a 2013 da kuma 2020 sai kaga mutane sun koma haɗawa a gida. Akwai kamfanoni irinsu Lee a Wisconsin da Lyman a Connecticut da ke sayar musu da kayan aikin. A nan Ohio ɗin ma a garin Mansfield ake ƙera wata ƙaramar bindiga mai suna Hi-Point, ita ce bindigar talaka a wurinsu, shekaru da dama ana samunta ƙasa da dala 200, ga nauyi ga muni amma tana aiki, toh mai irin wannan bindigar shine zaka samu yana lissafin kowane santi da yake kashewa a harsashi.

Abinda yafi cin ransu kuwa shine kaurin harsashin. Harsashin kamfani na ƙaramar bindiga da ake kira 9mm mai rigar jan ƙarfe kaurinsa inci 0.355 ne, amma na dalma zalla sai sun sa ya ɗan fi haka, 0.356 wasu har 0.357, wato bambancin kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na inci, abinda ido baya iya gani. Dalili shine ba kowane bututun bindiga bane yake fitowa daidai da ɗan'uwansa daga masana'anta, balle mai araha, wani yafi wani faɗi kaɗan. Idan harsashin dalma yayi wa bututun kaɗan, iskar wuta mai zafi sai ta bi ta gefensa ta kankare dalmar ta shafe cikin bututun da ita, kafin a jima harbi ya lalace, harsashi ya riƙa isa jikin takardar da ake saitawa a karkace. In kuma yayi kauri da yawa ba zai ma zauna a mazauninsa ba. Saboda haka sai sun tura guntun dalma ta cikin bututun tukun su auna kaurinsa da wani ɗan ma'auni da ake kira maikuromita, sannan su matse harsasan su daidaita da wannan awon.

Wani dattijo maƙwabcina da yayi ritaya daga aikin kanikanci na kalle shi yana wannan aikin, gilashi a ido, safar fata a hannu, yana ɗaukar harsashi ɗaya ɗaya yana aunawa yana rubutawa a wani tsohon littafi da duk mai ya ɓata, wanda bai yi masa ba sai ya jefa a gwangwanin da za a sake narkawa. Amma wallahi abinda ya tsaya min a rai ba awon bane. Mutumin nan baya barin jikokinsa su taka cikin garejin, ƙofa a buɗe take ga fanka tana jan hayaƙi waje, baya ci baya sha a wurin, kayan da yasa a jikinsa daban ake wankewa, yana gamawa sai sabulu har gwiwar hannu, kuma yace min likitansa yana auna masa jini lokaci lokaci don a ga yawan dalmar da ta shiga. Duk wannan babu ko ɗaya a cikin bidiyon minti ɗaya da ake turawa, sai dai kaga tukunya tana ƙyalli ana ta zubi ana sa kiɗa.

Dalma tana narkewa a zafin digiri 327 na ma'aunin Celsius ne kacal, murhun gawayi ma ya isa, kuma wannan sauƙin shine haɗarinta. Dattin da ke tasowa saman tukunya idan ya bushe gari yake zama, ya bi iska ya sauka a ƙasa, a tabarma, a kwanon abinci, yaro mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya tace babu wani adadin dalma a jinin mutum da za a ce ba shi da illa, kuma a jikin yara ƙwaƙwalwa take taɓawa, abinda ta lalata kuma baya dawowa. Su kansu Amurkawan a hankali suna ja da baya da ita. Tun 1991 aka hana harbin agwagin ruwa da harsashin dalma a duk ƙasar, jihar Kalifoniya kuma daga 2019 ta hana farauta da shi gaba ɗaya, saboda ungulayen da ke cin mushen da aka harba suna mutuwa da guba. Hatta ƴan ƙarafunan dalma da masu gyaran taya ke maƙalawa a jikin rim, waɗanda masu zubin nan suka daɗe suna tsinta kyauta, jihohi da dama sun hana amfani da su.

Edita, mu ai ba sai an bamu labarin dalma ba. A 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano abinda ke kashe yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, irinsu Dareta da Ƴargalma da Bagega, yara sama da 400 suka rasu saboda ana kawo duwatsun zinare masu dalma cikin gida ana daka ana niƙa a tsakar gida inda ake girki. Allah ya jiƙansu. A 2015 aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Wanda ya san wannan tarihin bai kamata yaga tukunyar dalma a waya ya ɗauka wasa bane, kuma ni abinda ke damuna kenan, dama can akwai masu fasa tsohon batirin mota su narka dalmar ciki a bayan gida, wasu don sayarwa wasu maharba don ɗurin bindigar gargajiya, babu safa babu takunkumi, wani lokacin ma da tukunyar da za a mayar madafa, mata da yara suna kai da kawo a wurin.

Sannan ga doka. Abinda ya halatta a Ohio bai halatta a Kano ko Gusau ba, dokar makamai ta Najeriya tun ta 1959 ta hana mutum ƙera bindiga ko harsashi haka kawai ba tare da izinin hukuma ba, kuma a halin da arewa ke ciki na ƴan bindiga, yaron da aka kama da kayan zubi a ɗaki babu mai tsayawa ya saurari cewa a TikTok ya gani yana gwadawa, iyayensa ne zasu sha wahalar.

Don Allah ina roƙon jaridarku ta tura wakili ya zauna da likitocin da sukayi aikin Anka, ya kuma je wurin sarakunan maharba da masu sana'ar tsohon batir a kasuwanni ya ga yadda suke narka dalmar da idonsa, a buga da Hausa, a faɗa wa iyaye alamomin da zasu lura da su a jikin yaro irinsu ciwon ciki da amai da yawan kasala da jijjiga, da kuma asibitin da ake iya auna jini a kowace jiha.

Nagode, Allah ya ƙara basira.

Naka mai karatu,
daga Columbus, jihar Ohio